Abin Goga Mai Gefe Huɗu Da Kurakuran Babanki

Trikania, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Makurdi lafiya, kin tarar da ɗakin da aka yi miki alkawari, da ruwa kusa, da maƙwabta na kirki. Allah ya sa mutanen asibitin su karɓe ki hannu biyu. Na saka ta cikin jakarki ban gaya miki ba, domin kin san halina: idan na fara magana baki da baki, sai in bi ta Kakuri in ɓullo ta Kafanchan ban kai ga abin da nake son faɗa ba.

Shekaranjiya da muka je kasuwa sayen kayan kicin ɗinki, na ɗauki abin goga mai gefe huɗu, wanda kuke ce wa gireta. Kika ce, "Baba, a ɗauki ƙaramin nan mai gefe ɗaya mana. Sauran ukun ai ado ne, wa ke amfani da su?" Na yi dariya na ce a sa mana babban. Mai kayan yana jira, amsar kuma tana da tsawo, shi ya sa na bari sai yanzu.

Ke kin taso kin gan ni kuku, wataƙila kina tsammani da ludayi a hannu aka haife ni. Shekara goma sha huɗu na yi a masaƙa a Kakuri ina kula da injin zare, ko shayi ban iya haɗawa ba. Da aka zo rage ma'aikata, sunana yana ciki. Kina aji biyu na firamare a lokacin. Na yi wata takwas a gida, ina fita da safe da takalmi goge kamar mai zuwa aiki, ina dawowa da yamma ba labari. Sai aka shiga shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Gari ya cika da taro. Gidajen saukar baƙi na Barnawa suka cika da 'yan siyasa masu manyan riguna, yau taron wannan, gobe na wancan, kuma kowane taro sai an ci abinci. Wani ɗan cocinmu ya gaya mini ana neman ƙarin hannu a kicin ɗin ɗaya daga cikin gidajen. Na je. Manajan ya tambaye ni, "Ka taɓa aikin kicin?" Na ce, "Sosai, ranka ya daɗe." Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun tana fita daga bakina.

Shugabar kicin ɗin wata mata ce 'yar Filato, Madam Hannatu, gajeruwa, ba ta ɗaga murya. A rana ta uku ta ajiye mini kwandon karas da kabeji, ta ce a gurza na haɗin salak, baƙi za su ci da ƙarfe biyu. Ta miƙo mini abin goga ta wuce wajen shinkafa. Na jujjuya shi a hannuna, na ga kowane gefe da irin idonsa. Sai na yi tunanin mutumin masaƙa: a wurinmu, zaren da ya fi siriri shi ne mai daraja. Na zaɓi gefen da ya fi ƙananan ido, mai ƙaya-ƙayan nan, na hau gurza. Karas na farko ya fito kamar niƙaƙƙen tumatir, ruwa yana bin hannuna. Na ji a raina akwai matsala. Madam tana nan taku biyar daga inda nake, amma idan na tambaya ai na tona wa kaina asiri. Na ci gaba. Na gurje fiye da rabin kwandon, kafaɗata kamar za ta cire.

Da ta zo ta leƙa robar da nake gurzawa a ciki, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam Istifanus, kunun karas za mu ba su?"

Na ajiye abin gogar.

Ta ce, "Gaya mini gaskiya, a ina ka yi aikin kicin?"

Na ce, "Madam, ban taɓa ba. Masaƙa na yi. Ina da mata da yara uku."

Ta ce, "Da ka faɗi haka ranar farko, da karas ɗina yana nan da ransa."

Ba ta kai ƙarata wurin manaja ba. Ta juye abin da na ɓata cikin miyar shinkafa, aka ƙaro wani karas, sannan ta juyo mini gefen mai manyan ido, ta kama hannuna ta nuna mini kamar ɗan makaranta, ni da furfura ta fara fito mini.

To ga abin da ta koya mini. Mai manyan ido shi ne na abin da kike so ya fito sili-sili, a gan shi, a tauna shi: karas, kabeji, kuɓewa idan kina son miyarki da 'yan gutsattsari, rogo ko dankalin Hausa idan za ki cura ki soya. Daga sama zuwa ƙasa ake ja, ja ɗaya mai tsawo, a ɗaga hannu a sake komawa sama. Kada ki yi ta kai da kawowa kamar mai wanki, domin kaifin waje ɗaya yake kallo. Ki tsayar da shi cikin tire, ki shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi don kada ya zame.

Abin da ya fi wannan kuwa, Rifkatu: idan aka miƙo miki abu a asibiti ba ki san shi ba, ki ce ba ki sani ba, a ranar, a gaban ko wane ne. Kunyar ta minti ɗaya ce. Ni karas na ɓata, aka zuba a miya. Ke mutum ne zai kasance kwance a gabanki.

Wannan gefe mai ƙaya da ya kunyata ni, daga baya shi na fi so. Aikinsa abubuwa masu ƙarfin ƙamshi da ake so su narke su ɓace cikin abinci: ɗanyar citta, tafarnuwa, gyaɗar ƙamshi, bawon lemun tsami ko na lemun zaƙi. Idan bawon lemu ne, launin saman kawai ake ɗauka. Da zarar kin ga fari ki juya lemun, domin farin ɗaci ne da shi. Idan citta ce, ki gurza ki matse a tsumma mai tsabta, ruwan ya ishe ki shayi ko zoɓo. Sai dai gefen yana da hali ɗaya, yana riƙe abin da aka gurza a tsakanin haƙoransa. Wannan halin ne ya jawo abin da har yau idan na tuna nake jin nauyi.

Na kusa shekara a wurin. Wata Hajiya da ke yawan kawo mana aiki ta sa a yi mata kek na sunan jikanta. Mai yin kek ɗinmu Talatu ce, wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da safe na gurza tafarnuwa mai yawa ta gasa kaji, na ɗauraye abin sama-sama da ruwan sanyi, na rataye a ƙusa. Talatu ta zo ta ɗauka ta gurza gyaɗar ƙamshi da bawon lemu. Mura ta toshe mata hanci ranar, ba ta ji komai ba. Kek ya fita da kyau a ido, aka zo aka ɗauka. Da la'asar sai ga Hajiya da kanta, da rabin kek a tire. Ta ajiye a gaban manaja ta ce, "Ɗanɗana ka ji abin da na ba baƙina."

Manaja ya tara mu duka. Ya ce wa Talatu, "Ke kika yi kek, ke za ki amsa. Je ki gida sai an neme ki." Dukanmu mun san ma'anar sai an neme ki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa tafarnuwa ba yau." Ina tsaye a wurin, hannuna ma yana warinta. Na sa hannun a aljihu. Ina kallo ta cire rigar aiki ta ninke, ta ɗauki jakarta ta fita.

Wannan ranar Juma'a ce. Asabar na je aiki na dawo. Ranar Lahadi a coci ana waƙa, bakina ya ƙi buɗewa. Da muka dawo mamarki ta ajiye mini tuwo, na tura shi gefe. Ta ce, "Me ka yi?" Ba ta ce me aka yi maka ba. Na gaya mata duka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baban Rifkatu, gobe idan ba ka je ka faɗa ba, ni zan ɗaura zani in je in faɗa."

Na ce, "Idan suka kore ni fa?"

Ta ce, "Mun taɓa zama ba aiki, ba mu mutu ba. Ita ba ta da mai taya ta."

Ranar Litinin na shiga ofishin manaja na faɗa. Ya dakatar da ni mako ɗaya, ya aika aka kira Talatu. Cikin makon na nemi gidanta na je ba ta haƙuri. Na same ta tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki. Ta ce, "Ai na sani tun ranar. Kai kaɗai ka gasa kaji. Jira nake in ga ko za ka faɗa."

Na ce, "Da ban faɗa ba fa?"

Ta ce, "Da na nemi wani aikin. Kai kuma duk inda muka haɗu ka riƙa canza hanya."

Ta ce ta yafe, amma sai da aka yi watanni kafin ta sake yin dariya da ni. Ban ga laifinta ba. Ita ce Maman Bulus da kika sani, wadda ta yi miki kek ranar da kika gama makarantar jinya.

Saboda haka ki wanke abin goga da zarar kin gama, kafin abin ya bushe a jikinsa. Ki ware tsohon buroshin haƙori na wannan aikin kaɗai, ki sa sabulu, ki goge ciki da waje. Soso ba ya yi, haƙoran ne za su cinye shi. Idan tafarnuwa ko albasa kika gurza, ki bi shi da ɓarin lemun tsami, ki shanya a rana ya bushe sarai don kada ya yi tsatsa. Kuma idan kuskurenki ya faɗa kan wani, kada ki kwana da shi. Ni na kwana uku, kuma kowace rana maganar ƙara nauyi take yi a baki.

Gefen da ke da tsaga a kwance kamar bakin wuƙa, na yanka ne siriri-siriri: dankalin Turawa na soyawa, ɗanyar agada wato ayabar suya, kokwamba, albasa zobe-zobe. Yana da sauri, kuma shi ne mafi haɗari. Kin san yatsana mai rabin farce. Kina ƙarama na ce miki kifi ne ya cije ni a kogin Kaduna, kika yarda har kika ba 'yan ajinku labari. Ga gaskiyar. Ranar da ake faɗin sakamakon wani zaɓe ne, rediyo yana kunne a kicin, ni da direban gidan muna gardama a kan wanda zai ci. Ina yanka dankali, idona yana kan direba, dankalin ya ƙare, hannuna bai sani ba. Ɗinki uku aka yi mini, na yi mako uku ban taɓa ruwa ba. Mutumin da nake gardama dominsa ya ci zaɓensa, bai taɓa jin labarin yatsana ba. Idan kina wannan gefen, idonki ya tsaya a kan hannunki. Idan abin ya rage kamar girman babban yatsa, ki bar shi, ki jefa a miya. Ba asara ba ce.

Saura gefen mai matsakaitan ido. Na bar shi a ƙarshe ne domin labarinsa a cikin gidanmu ya faru, kuma ban taɓa ba kowa ba. Shi ne na kwakwa, da kuɓewa idan kina son ta yi yauƙi sosai, da tumatir da attaruhu idan ba wuta kuma ba kya son zuwa injin niƙa.

A watannin da na zauna ba aiki, kwakumetin mamarki muka ci. Tana gurza kwakwa da asuba, ta soya da sukari, ta cura, ta kai bakin makarantu da tashar mota. Abin gogarta wani gwangwani ne da aka fasa aka shimfiɗa, aka huhhuda da ƙusa, aka kafa a jikin katako. Ya yi baƙi, katakon ya sha hannu har yana sheƙi. Ni ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Da na yi 'yan watanni a gidan baƙi, kaina ya fara girma. Na ga yadda ake aiki a babban kicin, komai na gidanmu ya koma mini abin kunya. Wata rana na sayo mata sabon abin goga mai gefe huɗu, yana walƙiya. Ba ta gida, ta tafi zumuntar mata. Na ɗauki tsohon gwangwanin na haɗa da shara na kai bola, ina jin na yi abin kirki. Da ta dawo na zaunar da ita na yi mata lacca: wannan gefen na kaza ne, wannan na kaza, kwakwarki kuma ki yi da mai manyan ido, ya fi sauri. Ni da ban taɓa yin kwakumeti ba.

Ta ce, "To. Ina nawa?"

Na ce, "Wannan tsohon ƙarfen? Na zubar."

Ta dube ni, ta tashi. Washegari ta yi da mai manyan ido kamar yadda na ce. Kwakwar ta fito da kauri, waje ya ƙone ciki bai soyu ba, ta ƙi curuwa, tana wargajewa a hannu. Ta dawo da rabin tire ba a saya ba. Na fara cewa wataƙila wutar ce ta yi yawa. Sai ta ajiye tiren ta ce, a hankali, domin kuna tsakar gida kuna wasa, "Babana ne ya huda mini shi da hannunsa, ana gobe za a kawo ni gidanka. Shi kaɗai ya rage mini a abin da ya taɓa. Kuma da shi na ciyar da kai wata takwas, ba ka ce ya tsufa ba."

Kakanki ya rasu kina goye, ba ki san shi ba. Na tashi na tafi bola a guje. An riga an sa wuta. Na ɗauki sanda na yi ta tono cikin toka, mutane suna wucewa suna kallona, har rana ta kusa faɗuwa. Ban same shi ba.

Na dawo na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, amma muryarta ba ta ce haka ba. Ranar hutuna na nemo gwangwani da ƙusa da katako, na zauna a tsakar gida ina huda. Na farko ta ɗauka ta duba ta ce idon ya yi faɗi. Na biyu ta ce na jera su kamar layin sojoji, kwakwa za ta riƙa bi ta tsakani. A na uku ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, tana nuna mini da yatsa inda zan sa ƙusa, tana cewa, "Nan. A'a, matso kaɗan. Baba ba ya buga ta har ƙarshe, rabi yake tsayawa." Tana yi tana ba ni labarinsa, abubuwan da shekara goma muna tare ban taɓa tambaya ba. Na ukun shi ne wanda kika taso kika gani a rataye bayan ƙofar kicin. Daga baya ita da kanta ta gano cewa gefen mai matsakaitan ido yana fitar da kwakwa daidai da nata. Takan yi da shi idan aiki ya yi yawa. Amma wancan da na zubar, ba a mayar da shi, kuma na sani.

Za ki zauna da mutane, 'yata, a wurin aiki, a gidan haya, wata rana in Allah ya yarda a gidan aurenki. Za ki ga abubuwansu da hanyoyinsu da za su yi miki kama da tsohon yayi, kuma sau da yawa za ki fi su sani, domin kin yi karatu. Kafin ki gyara wa mutum abinsa, ki tambaye shi daga ina ya samo shi. Abin da ba naki ba kuma kada ki zubar, ko da tsumma ne.

Ban da waɗannan, ba ni da ƙorafi a kan rayuwata. Kicin ya riƙe mu, ya kai ku makaranta ku uku, na yi abokai a cikinsa. Yatsu tara da rabi sun ishe ni.

Da na kawo nan na karanta wa mamarki abin da na rubuta, tana ninke miki zannuwa. Ta ce in gaya miki kada ki gurza kuɓewa da danshi a jikinta, ki wanke ki bar ta ta tsane tukuna. Sannan ta ce, "Ka rubuta mata cewa ka yi kuka a bola?"

Na ce, "Ban yi kuka ba."

Ta ce, "To rubuta cewa hayaƙi ne ya shiga idonka."

Ga shi na rubuta.

Ki ci abinci a kan lokaci. Ki nemi coci tun makon farko, ki gaishe da maƙwabtanki kowace safiya ko ba su amsa da kyau ba. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a hannuwanki a kan duk wanda za ki taɓa. Ya dawo mana da ke lafiya lokacin Kirsimeti. Amin.

Ƙannenki suna gaishe ki, mamarki ma haka.

Ni ne babanki,
Istifanus.